Na yi dashen gashi, kuma na gaji da amsawa a ɓoye

Assalamu alaikum jama'a. Ni namiji ne magidanci, inada mata da yara, kuma na je an yi min dashen gashi a kaina. Na faɗa tun daga farko ne don wanda zai yi dariya ya yi abinsa ya gama sannan mu ci gaba. Abinda yasa nake rubuta wannan abu shine na gaji da saƙonnin tsakar dare, mutum zai tsokane ka a cikin mutane da rana, dare na yi sai kaga saƙonsa ya shigo, "mutumina don Allah tsakanina da kai, a ina aka maka, da zafi?" To gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Sanƙo gadonmu ne, babana nada shi, kawunnaina ta wajen uwa ma duk haka, don haka ban taɓa tunanin zan tsira ba. Amma ban zaci zai zo min da wuri haka ba. Ban kai talatin ba gefen goshina biyu suka fara ja da baya, mai askina ne ma ya fara lura, yana saisaye yana cewa oga gaban nan fa ya fara sauƙi. Kafin wani lokaci tsakiyar kai ita ma ta buɗe. Abokai kuwa sun samu abin yi, wani yace filin jirgi, wani yace ai sanƙon kuɗi ne ka kusa fashewa, ni ma ina tayasu dariya har in ƙara musu da nawa, saboda in ka nuna abin na maka ciwo ka shiga uku, ranar za su samo maka sabon suna. Namiji an yarda ya damu da kuɗi, ya damu da mota, ya damu da ƙwallo har ya ƙi cin abinci, amma yace kamanninsa na damunsa? sai ace wannan wane irin namiji ne. To ni dai yana damuna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za a ɗauki hoto sai na nemi inda haske ba zai sauka a kaina ba, in na shiga lifta mai madubi a sama ƙasa nake kallo har in fita, hula kuwa ko cikin gida tana kaina.

Mayukan da na shafa Allah ne kaɗai ya san yawansu, ba sai na tsaya a kansu ba, babu wanda ya tsirar da gashi ko ɗaya.

Abin ya ƙara tsananta ne a 2020 lokacin korona da aiki ya koma ta kiran bidiyo. Da can madubi sau ɗaya ko biyu kake gani a rana, ka gyara fuska ka kalla ka wuce, amma yanzu ga fuskarka nan a ɗan akwati a gefen allo daga safe har yamma, kana magana kana kallon kanka, kyamarar kuma ba ta da kunya, hasken fitila na sauka a goshi yana ƙyalli. Sai in ga ana bayani a mitin ni kuma hankalina na kan kaina. Daga baya na karanta cewa likitocin gyaran jiki a ƙasashe da dama sun ga ƙaruwar masu zuwa wajensu bayan wannan zaman gida, har suna danganta abin da Zoom, manhajar kiran bidiyo, kuma ban yi mamaki ba ko kaɗan.

A lokacin ne na zauna na fara karatun abin da gaske maimakon sauraron masu tallar mai. Ashe sanƙon maza ba rashin abinci bane, ba hula bace ke kawo shi, ba kuma yawan tunani ba. Wani sinadari ne a jikin namiji da ake kira DHT wanda jiki ke samarwa daga testosteron, sinadarin mazantaka, shi ke bin saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai yana tsuke ta a hankali, gashin ya dinga fitowa siriri gajere har ya daina fitowa gaba ɗaya, ga wanda ya gaji hakan. Gashin ƙeya da na gefen kunne kuwa yawanci sinadarin baya cin su, shi yasa zaka ga tsoho kansa tal amma ƙeya cike. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, shi ya nuna a shekarun 1950 cewa in ka cire gashin ƙeya da saiwarsa ka kai shi gaba, halinsa na ƙeya yake tafiya dashi, ba zai zube kamar na wajen ba. Duk harkar dashen gashi a kan wannan ta tsaya. Har ma'auni gare su, na Norwood, mataki 1 zuwa 7, na ɗau hoton kaina ta sama na gwada naga na wuce tsakiya.

Wanda ya fara cire min jin kunyar abin Wayne Rooney ne. A 2011 yana ɗan shekara 25, yana tsakiyar tashensa a Manchester United, da kansa ya fito a Twitter yace eh ya yi dashen gashi, har ya sa hoton kan. An yi masa dariya kwana biyu aka wuce wajen. Jürgen Klopp ma da aka tambaye shi bai musa ba. Nace to waɗannan da duniya ke kallo basu ɓuya ba, ni wa ya sanni.

Amma akwai abinda yafi dariyar mutane nauyi a wajena, shine ko halal ne. Ina tsoron kar in shiga cikin masu canza halittar Allah. Na samu wani malami da nake yarda da iliminsa na tambaye shi, ina ta kwana-kwana wai wani abokina ne ke tambaya, ya kalli hulata yayi murmushi yace to ka gaya wa abokin naka malamai sun bambanta tsakanin gusar da aibi da neman ƙarin kyau. Ya kawo min hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mala'ika ya tambayi mai sanƙon me yafi so yace gashi mai kyau, aka shafa kansa gashi ya fito. Ya kawo na Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa yayi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Yace dashe gashinka ne aka mayar maka, ba irin ƙarin gashin wani da aka hana bane, kuma Shaikh Ibn Usaimin ya yi fatawar halaccinsa, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zauna kan tiyatar gyaran jiki a Malesiya a 2007. Sai ya ƙara da cewa, amma fa ka kula, ƙofar nan in an buɗe ta ba kowa ke iya tsayawa a bakinta ba. A lokacin ban gane me yake nufi sosai ba.

Matata da na gaya mata shiru tayi sannan tace, Abban yara ni fa da sanƙonka na ganka na aure ka, wa kake so ka burge? Wallahi tambayar ta min nauyi, don na san abinda take tsoro, tana ganin shirin ƙaro aure ne. Sai da na zaunar da ita na nuna mata hotunan bikin ƙanwarta, nace duba ki gani akwai inda na cire hula? akwai wanda na tsaya a gaba? Ta duba ta duba tace ita bata taɓa lura ba. Umma kuwa cewa tayi, kai yanzu lafiyarka ƙalau zaka kai kanka a yanka? Allah ya shirye ka. Bata hana ba amma bata sa albarka da baki ba, sai ranar tafiya ta kira tace Allah ya tsare.

Neman inda za a yi shine inda na ga abin mamaki. Kana rubuta dashen gashi sau ɗaya a waya shikenan, Instagram da Facebook sun cika maka ido da talla, yawanci daga Istanbul, don Turkiyya ta zama cibiyar wannan harka a duniya. Ka tura hoton kanka ta WhatsApp, cikin minti kaɗan an amsa, ɗan'uwa kai kam saiwar gashi 5000 za a dasa maka, ga otal ga mota daga filin jirgi ga tafinta, in ka biya a wannan satin akwai ragi. Ba wanda ya tambayi shekaruna, ba wanda ya tambayi ko inada ciwon suga ko hawan jini, kuma wanda ke min magana ba likita bane, ɗan kasuwa ne. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi kan irin wuraren da likita sunansa ne kawai a jikin takarda, aikin kuma wasu ma'aikata marasa lasisi ke yi, mutum da yawa a rana ɗaya.

Allah ya taimake ni na fara zuwa wajen likitan fata kafin in biya kowa. Ita ta gaya min abinda masu talla basa faɗa. Tace malam dashe baya ƙara maka gashi ko ɗaya, kwasowa ake daga baya a kai gaba, ƙeyarka kamar rumbu ne da ba a sake zuba masa hatsi, abinda aka ɗiba ya tafi kenan, 'yan dubbai ne kake dasu duk rayuwarka, in wani ya kwashe su a zama ɗaya kuma sanƙon ya ci gaba, da me za a gyara? Sannan tace gashinmu na baƙar fata ba a sama kawai yake nannaɗe ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata, wanda bai saba ba in ya sa ƙarfen cirewa a miƙe sai ya datse saiwar, an yi asara kenan. Amfaninsa kuma shine nannaɗewar na sa kaɗan ya rufe waje da yawa. Ta duba ƙeyata ko inada ƙurajen aski, ta tambaye ni ko in naji ciwo tabon na tasowa yayi tudu, wato keloyid, wanda yafi yawa a baƙar fata, tace mai irin wannan jikin sai yayi taka-tsantsan sosai, wani ma a hana shi gaba ɗaya. Ta sa ni fara magani tukuna in ga yadda zai tsayar da zubar.

Da wannan ilimin na koma ina tace wuraren. Tambaya ta farko, ku nuna min hotunan baƙaƙen fata da kuka yi wa, bayan shekara guda, da ƙeyarsu a aske. Ta biyu, wa zai tsaga fatar, likita ko wa? Yawancinsu daga nan suke daina amsawa. Wanda na zaɓa a ƙarshe shine wanda likitan da kansa ya fito a bidiyo yace min ba zai iya rufe min gaba da tsakiya duka ba, in zaɓi gaba, kuma ba zai sauko min da layin goshi irin na ɗan shekara 18 ba don zan tsufa da shi.

Ranar aikin an aske ni tal, likita ya zana layi da alƙalami a goshina ya bani madubi. Allurar kashe zafin ita ce wuyar, ba zan yi muku ƙarya ba, allura ce ake ta soka wa a fatar kai zagaye, na riƙe gadon nan ina salati. Bayan ta kama kuwa sai dai kaji ana taɓa ka kamar daga nesa. Hanyar da aka min ita ce FUE, ana sa wani ɗan ƙarfe mai rami wanda faɗinsa bai wuce milimita 1 ba ana zaro saiwa ɗaya bayan ɗaya, kowace na ɗauke da gashi 1 zuwa 4. Tsohuwar hanyar, FUT, yanko fatar ƙeya ake a kwance a ɗinke, tana barin tabo dogo. Ina kife ana cira, aka juyar dani aka tsattsaga ƙananan ramuka a gaba, sannan aka bi ana sakawa, masu gashi ɗaya a layin gaba don kar yayi kama da na 'yar tsana, masu yawa a baya. Wuni guda cur. A filin jirgi wajen dawowa kuwa sai na ga ashe muna da yawa, Larabawa, Turawa, 'yan Afirka, kowa da ɗaurin goshi da jan kai, muna haɗa ido muna sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama.

Bayan aikin ne ainihin jarabawar. Barci a zaune-zaune don kar dashen ya gogi filo, kumburi ya sauko daga goshi har ya kusa rufe min ido, ƙaramar 'yata ta ganni ta fashe da kuka. Ga ƙaiƙayi kuma an hana ka sosawa. Sujada ma sai da na tambayi likita yadda zan yi a kwanakin farko. Ɓawon ya gama zuba kai yayi kyau ina murna, sai cikin 'yan makonni gashin da aka dasa ya fara zubewa. An gaya min haka zai faru, cewa gashin ne ke faɗuwa saiwar na nan a ciki tana hutawa, amma sani daban gani daban. Na koma na fi da muni, kuɗi sun tafi, matata bata ce komai ba amma shirunta ma magana ne. Wajen wata na huɗu ƙananan gashi suka fara leƙowa, kuma sai da aka kusa shekara kafin in ga ainihin abin.

Yanzu in ka ganni ba zaka ce an min komai ba sai dai in ka sanni da. Gaban ya cika daidai gwargwado, ba irin na samartaka ba, tsakiya har yanzu da sauƙi-sauƙi, in na aske ƙeya sosai akwai ɗige-ɗigen tabo farare. Kuma ban rabu da magani ba, wannan shine abinda yawancin masu tambayata basa son ji. Minoksidil da ake shafawa asalinsa maganin hawan jini ne aka lura yana fito da gashi, Amurka ta amince dashi don sanƙo a 1988, finasterayid kuma a 1997, shi ke rage DHT ɗin. Duk ranar da ka daina, gashinka na asali da suke riƙewa zai ci gaba da zuba, a bar ka da dashe a gaba da fili a bayansa. Finasterayid ɗin kuma wasu kaɗan yana rage musu sha'awa, kuma ba a so mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe, don haka ba abin da zaka saya a kemis da kanka bane don abokinka na sha.

Maganar malam ta ƙofa kuwa a ɗakin jira na fara gane ta. Duk maza ne. Akwai wanda yazo dashen gemu, akwai wanda wannan zuwansa ba na farko bane kuma ni banga abinda ya rage a kansa ba. Wani saurayi da muka yi hira dashi yace shi an riga an masa aikin nono, tun yana sakandare ƙirjinsa ya fito kamar na mace, bai taɓa cire riga a gaban mutane ba, ko ƙwallo ya daina, duk zafi sai ya sa riga biyu. Wannan wa zai ce masa gayu ne ya kai shi? Amma ni ina zaune aka miƙo min takarda, wai tunda nazo ga allurar Botox ta layukan goshi, ga farin haƙori, ga zuƙe kitsen tumbi, ga gyaran fatar ido. Wallahi kafin a miƙo min takardar nan ban san goshina nada layi ba, daga ranar kuma na fara ganinsu. Alƙaluman ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya, ISAPS, na 'yan shekarun baya sun nuna wajen kashi 14 cikin 100 na ayyukan gyaran jiki a duniya maza ake wa, kuma masu wannan kasuwa sun gane namiji in ya shigo sau ɗaya kunyar ta fita. Har ƙarin tsawo ake yi yanzu, a karya ƙashin ƙafa a dinga buɗa shi milimita 1 a rana, hanyar da likitan Rasha Ilizarov ya ƙirƙiro don masu nakasa da karaya, yau lafiyayyu ke biya a musu. Ni a nan na ja layi, abinda na rasa na nema a mayar min, ban je neman fuskar wani ba. Kuma akwai ciwo na ƙwaƙwalwa da mutum ke ganin aibi a jikinsa wanda ba kowa ke gani ba, irin wannan ko sau goma aka masa aiki ba zai gamsu ba, likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata ba mai wuƙa ba.

Cikin masu min dariya akwai wanda yafi kowa, shi ya sa min suna sabon ango. Ashe yana ta shirinsa, bai tambaye ni ba don kar in rama, bai gaya wa kowa ba har matarsa, yace tafiyar kasuwanci zai yi. Ya bi mafi araha, aka kwashe masa ƙeya tayi fari-fari kamar cin asu, layin goshin a miƙe kamar an sa rula, rabin dashen bai fito ba. Araha bata ado. Sai bayan abin ya lalace ya zo min da hula har kunne, muka je wajen likitar fatar nan, tace abinda ya rage a ƙeyar ba zai isa gyara ba, sai dai ya aske duka a yi masa zanen ɗige-ɗige irin na tawada ya rufe tabon, shi kuma yana shakkar halaccin wannan. Da tambaya ɗaya yayi min a fili da na haɗa shi da ita tun farko.

Ƙanina ma ya fara, shekararsa 22, ya zo yace Yaya ni ma a kaini kawai a yi min tun kafin a fara min suna. Na kai shi wajen likitar, ta duba tace a'a, yanzu zubar ta fara, ba a san inda zata tsaya ba, in aka dasa yanzu nan da 'yan shekaru gashin bayan dashen zai zube a bar shi da tsibiri a goshi. Ta rubuta masa na shafawa tace ya dinga ɗaukar hoton kansa a haske iri ɗaya duk bayan wata uku ya dawo mata dasu. Ya fito yana fushi wai ni na samu nawa shine nake masa baƙin ciki, har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, amma matarsa ta gaya wa tawa cewa yana shafawa.